Layuka Biyu Da Rana Ba Ta Tsallakewa: Kansa Da Kafrikon

  

Yau labarin ƙasa za mu taɓa. Duk wanda ya zauna a ajin sakandare ya san taswirar duniya, ya kuma san wasu layuka guda biyu da ake ja da ɗigo-ɗigo, ɗaya a sama da tsakiyar taswirar, ɗaya a ƙasa. Na sama sunansa Layin Kansa, na ƙasa kuma Layin Kafrikon. Yawancinmu haddace su muka yi: digiri 23 da rabi arewa, digiri 23 da rabi kudu. Aka shiga jarabawa aka rubuta, aka fito aka manta.

To ni abin da nake so mu fita da shi daga shirin nan shi ne, layukan nan biyu suna da hannu a lokacin da damina take sauka a garinku, da tsawon awannin da kuke yi kuna azumi, da inda inuwarku take faɗuwa da azahar, har ma da yadda za ku tabbatar da alƙiblar masallacin unguwarku ba tare da kun taɓa waya ba. Kuma duk abin da zan faɗa, mutum zai iya gwada shi a tsakar gida da sanda ɗaya. Ku biyo ni.

Bari mu fara daga tushe. Duniya a dunƙule take kamar lemo. Idan ka zagaye tsakiyar lemon nan da alƙalami, layin da ka ja shi ne Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Daga nan ake fara ƙirga, shi ne digiri sifili. Idan ka nufi arewa lambar tana hawa har ta kai 90 a can ƙuryar arewa, haka ma idan ka nufi kudu. Kowane digiri ɗaya tafiyar kusan kilomita 111 ce a ƙasa. Legas tana wajen digiri 6 da rabi arewa, Abuja 9, Kano 12, Sakkwato 13, Yamai 13 da rabi, Agadas kuma wajen 17. Layin Kansa yana digiri 23 da ɗigo 4, wato kusan kilomita 2,600 daga Ikwaita. Daga Kano kuwa, tafiyar kusan kilomita 1,270 ce idan mutum ya miƙe arewa sak.

Tambayar ita ce, me ya sa 23 da rabi? Me ya sa ba a ce 20 ko 30 ba, a huta da lissafi? Amsar ita ce ba wani ne ya zauna a ofis ya zaɓi lambar ba. Iyakokin ƙasashe mutane ne suka shata su, suna iya goge su gobe. Wannan kuwa daga yadda aka halicci duniyar ya fito.

Ku ɗauki lemon nan ku soke shi da tsinken tsire, tsinken ya fito ta ɗaya ɓangaren. Idan kuka murza tsinken, lemon zai juya. Haka duniya take juyawa sau ɗaya a kowace awa 24, shi ke kawo dare da rana. Sai dai tsinken duniya ba a tsaye yake cak ba. A karkace yake da digiri 23 da ɗigo 4, kuma a haka duniyar take zagaya rana shekara guda cur, karkatar tana kallon wuri ɗaya. Saboda haka a watan Yuni ɓangaren arewa ne yake jingina wajen rana, a watan Disamba kuma ɓangaren kudu.

Mu da muke tsaye a ƙasa, abin da idonmu yake gani shi ne kamar rana ce take tafiya. A kowace ranar Allah akwai wani layi a duniya da rana take tsayawa daidai tsakar kan mutanensa da tsakar rana. Wajen 20 ko 21 ga Maris, layin nan shi ne Ikwaita. Daga nan kullum sai ya ɗan matsa arewa, har 21 ga Yuni ya kai digiri 23 da ɗigo 4. Nan ne iyaka. Sai ya juyo, ya sake ratsa Ikwaita wajen 23 ga Satumba, ya gangara kudu har 21 ko 22 ga Disamba, ya taɓa iyakar kudu, ya sake juyowa. Iyakar arewa ita ce Kansa, ta kudu ita ce Kafrikon. Kalmar da Turawa suke kiran layukan da ita ma daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta juyawa. Wato mahadar da rana take yin kwana.

Ma'anar wannan ita ce, duk wanda yake zaune a wajen layukan nan, ko ɗan Landan ne ko ɗan Alƙahira ko ɗan Istanbul, bai taɓa ganin rana daidai tsakar kansa a garinsu ba, kuma ba zai gani ba. Wanda yake kan layin yana gani sau ɗaya a shekara. Mu da muke tsakanin layukan sau biyu muke gani, ɗaya tana tafiya arewa, ɗaya tana dawowa. Yankin da ke tsakanin layukan nan kusan kashi 40 cikin 100 ne na faɗin duniya, kuma Najeriya ɗungurungum a ciki take.

Na san wani zai ce, to mene ne haɗin layi da ciwon kansa? Babu ruwan layin da ciwon. Kalmar a Latin tana nufin ƙaguwa. Mutanen da sun raba taurarin da rana take ratsawa zuwa buruji 12, kowanne da sunansa. Sama da shekara 2,000 da suka wuce, lokacin da aka raɗa sunayen, rana tana cikin burujin ƙaguwa ne idan ta kai iyakar arewa, tana kuma cikin burujin Kafrikon, mai siffar akuya, idan ta kai iyakar kudu. Larabawa ma haka suke kiransu, Saraɗan da Jadyu. Abin dariyar shi ne yanzu rana ba ta cikin waɗancan burujan a waɗancan ranakun, domin tsinken duniya yana wani lilo a hankali wanda ya sauya lissafin. Suna dai ya riga ya bi su.

Yauwa, yanzu mu zo gida. Idan kana Kano, a digiri 12, rana tana zuwa tsakar kanka wajen 21 ko 22 ga Afrilu, sannan ta dawo wajen 21 ko 22 ga Agusta. A ranakun nan, idan ka kafa sanda a tsaye cak a fili, ka jira tsakar rana, za ka ga inuwarta tana ta gajarcewa har ta shige ƙarƙashinta. Kwalba, turmi, falwayar lantarki, duk abin da yake tsaye sai ka gan shi kamar an ɗora shi a hoto. Amma ku lura, tsakar rana ta gaskiya a Kano ba ƙarfe 12 daidai ba ce, tana kaiwa wajen 12:25 zuwa 12:30, domin agogonmu an saita shi ne da wani layi da ke gabas da mu. Mutanen Legas sun riga mu gani, tun farkon Afrilu. Na Sakkwato da Yamai sai bayanmu da 'yan kwanaki. Agadas sai an shiga Mayu. Kun ga ke nan ana iya bin sawun ranar gari-gari tana hawa arewa.

Ga wani abin kuma da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A Kano, daga ƙarshen Agusta har zuwa Afrilu, inuwar tsakar rana arewa take faɗuwa. Amma a wata huɗun da ke tsakanin Afrilu da Agusta, sai ta koma kudu, domin ranar ta wuce mu ta yi arewa. Sanda mai tsawon mita ɗaya, ranar 21 ga Disamba inuwarta takan kai kusan santimita 70 wajen arewa. Ranar 21 ga Yuni kuwa kusan santimita 20 ce, wajen kudu. Ɗan Turai bai san wannan ba, shi kullum inuwarsa ta tsakar rana arewa take yi. Malamanmu na fiƙihu kuwa sun daɗe da sanin zancen nan, domin da inuwa ake gane shigar azahar da la'asar, shi ya sa suke maganar inuwar zawali, wato 'yar inuwar da take saura lokacin da rana ta raba tsaka. Ita ce take tsawo da hunturu, ta ɓace gaba ɗaya a ranakun nan biyu.

Tunda mun zo kan sallah, bari in kawo muku abin da ya fi burge ni a wannan darasi. Layin Kansa ya ratsa ƙasar Saudiyya, kuma tsakanin Makka da Madina ya bi. Makka tana digiri 21 da ɗigo 4, wato tana cikin layin. Madina tana kusan 24 da rabi, wato tana wajensa da kusan digiri ɗaya. Duk alhajin da ya hau mota daga Madina zuwa Makka ya tsallake Layin Kansa, ko da barci yake yi a lokacin. A Madina rana ba ta taɓa tsayawa daidai tsakar ka, takan zo dab sai ta juya. A Makka kuwa sau biyu take tsayawa a kan Ka'aba duk shekara: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Saudiyya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27.

Ina amfanin wannan gare mu? A daidai wannan minti, duk wanda yake iya ganin rana a ko'ina yake, idan ya fuskance ta, to ya fuskanci Ka'aba. A agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ƙarfe 10:18 na safe ke nan a watan Mayu, da 10:27 a watan Yuli. Mutanenmu na Gana su rage awa ɗaya, na Sudan su ƙara awa ɗaya. Ba sai ka kalli ranar da ido ba, kada ma ka yi, tana lahanta ido. Ka kafa sanda a tsaye, ko ka rataya zare da ɗan dutse a bakinsa. Ka ja layi a kan inuwar. Idan ka tsaya a ƙarshen inuwar ka kalli sandar, alƙibla ke nan. Mu a Hausa mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga Kano alƙibla ba gabas ce sak ba, ta karkata wajen arewa da kusan digiri 22. Idan ana ginin sabon masallaci a unguwarku, ko ana ta musu kan sahu ya karkace, wannan hanya ce da kowa zai gani da idonsa, ba sai an ce wayar wane ta fi ta wane daidai ba. In dai hadari bai rufe sama ba, shi ke nan.

Sai maganar azumi. Saboda muna kusa da Ikwaita, tsawon yininmu ba ya sauyawa sosai. A Kano mafi gajartar yini kusan awa 11 da minti 25 ne, mafi tsawo kuma bai kai awa 13 ba. A Landan kuwa yinin watan Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai kai awa 8 ba. Shi ya sa idan Ramadan ya faɗo a tsakiyar shekara za ku ji 'yan uwanmu na Turai suna ta kuka da tsawon yini, mu kuma kukanmu na zafi ne. Idan aka ƙara matsawa arewa har digiri 66 da rabi, akwai ranar da rana ba ta faɗuwa sam, da ranar da ba ta fitowa. Ku cire 23 da rabi daga 90, ku ga abin da zai ba ku. Karkata ɗaya ce ta haifi duka layukan.

A nan zan gyara wata fahimta da ta yaɗu. Wasu sun ɗauka zafi yana zuwa ne idan duniya ta matso kusa da rana. Ba haka ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kusan kilomita miliyan 147, lokacin da mu muke rawar ɗari muna neman man shafawa. Ta fi nisa a farkon Yuli, kusan kilomita miliyan 152. Abin da yake aiki shi ne yadda hasken yake sauka. Ka haska tocila a bango kai tsaye, za ka ga hasken ya taru wuri ɗaya da ƙarfi. Ka karkata ta, sai ya bazu ya yi rauni. Mu kai tsaye yake sauko mana kusan duk shekara.

To yanzu mu zo kan abin da ya shafi tuwo, wato damina. Inda rana take dukan ƙasa kai tsaye, iska takan yi zafi ta tashi sama. Idan ta tashi, sai wata iskar ta kwararo daga gefe don cike gurbin. A Afirka ta Yamma iskoki biyu ne suke wannan tururuwa. Ɗaya tana tasowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura, ita ce iskar hunturu. Ɗayar tana tasowa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atilantika, ɗauke da danshi. Akwai iyakar da suke haɗuwa, kuma iyakar nan rana take bi, sai dai tana biye da ita ne a baya da kusan wata guda ko fiye.

Da hunturu rana tana can wajen Kafrikon, sai iyakar ta gangara kusa da bakin teku, iskar Sahara ta mamaye mu, leɓe ya tsage, jiragen sama su kasa sauka saboda hazo. Idan rana ta juyo arewa, sai iskar teku ta biyo ta. Fatakwal da Legas su fara samun ruwa tun Maris, Abuja wajen Afrilu, Kano da Katsina wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, Damagaram da Tawa sai a bayanmu. A watan Agusta iyakar takan kai wajen digiri 20, daga nan ta fara ja da baya. Shi ya sa wanda ya fi kusa da arewa shi ne na ƙarshen samun ruwa, shi ne kuma na farkon rasa shi. Daminar kudu doguwa ce, ta Kano wata huɗu ce zuwa biyar, ta Agadas 'yan makonni ne.

Kuma ku dubi wannan. Na ce rana tana tsayawa a kan Kano sau biyu, Afrilu da Agusta. A Afrilu zafi yakan haura digiri 40, bazara ke nan, ko barci ba ya yiwuwa a ɗaki. A Agusta kuwa rana tana daidai wurin da take a Afrilu, amma gari ya yi sanyi, ana marka. Bambancin shi ne gajimare da danshi. Wannan yana nuna mana cewa rana ita ce take ja, amma iska da ruwa su ne suke yanke yadda jiki zai ji.

Mu mutanen Sahel a bakin gaɓar wannan tsari muke zaune. Idan iskar tekun nan ta gaza hawowa da ƙarfi ko ta yi saurin komawa, wanda yake Inugu ba zai ji a jikinsa sosai ba, amma manomin gero a Daura ko Maraɗi ya shiga uku. Abin da ya faru ke nan a farin 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa, mutane suka bar garuruwansu. Ku tambayi dattawan gidanku, za su ba ku labari. Saboda haka idan an fitar da hasashen damina aka ce ruwa zai makara ko zai ɗauke da wuri, tafiyar wannan iyakar ake karantawa. Matashin da ya fahimci haka zai iya zama da mahaifinsa su yi shawarar irin da za a shuka, mai saurin nuna ko mai daɗewa, kuma kada a yi gaggawar binne iri da ruwan farko.

Sai wata tambayar. Idan rana tana kaiwa har Layin Kansa, me ya sa can ɗin hamada ce? Ku buɗe taswira ku bi layin da yatsa. A Afirka ya ratsa Yammacin Sahara, Muritaniya, Mali, Aljeriya, ɗan ƙurewar arewacin Nijar, Libiya da Masar. Ya tsallaka Bahar Maliya ya shiga Saudiyya, Daular Larabawa da Oman. Yashi ne kusan duka. Ku koma Kafrikon: Namibiya da hamadar Namib, Botswana da Kalahari, tsakiyar Ostireliya, sai Atakama a ƙasar Chile, wadda tana cikin wurare mafi bushewa a duniya. Wannan ba dace ba ne. Iskar da ta tashi sama a kusa da Ikwaita ta riga ta zubar da ruwanta a dazukan Kongo da Amazon. Idan ta kai can sama sai ta bazu arewa da kudu, ta sauko a tsakanin digiri 20 zuwa 30, a bushe. Iskar da take saukowa kuwa ɗumi take ƙarawa, ba ta haɗa gajimare. Wani Bature ɗan Ingila mai suna George Hadley ne ya fara bayanin wannan zagaye na iska a 1735, har yau da sunansa ake kiransa. Wato ruwan da ya yi wa Kongo yawa da ƙishirwar da take damun Sahara, injin ɗaya ne yake samar da su.

Amma kada mu ɗauka layi shi ne komai. Shi dai wannan Layin Kansa da ya ratsa Sahara, shi ne ya ratsa Indiya da Bangaladash da kudancin Sin da Taiwan, inda ake noman shinkafa, ruwa har ya yi ambaliya, saboda iskar damina mai ƙarfi da take shigo musu daga teku. Kafrikon da ya ratsa Atakama shi ne ya bi ta gefen birnin Sao Paulo a Burazil, wuri kore shar. Tudu ma yana da nasa. Jos tana cikin yankin zafi, amma kowa ya san sanyinta. Dutsen Kilimanjaro digiri 3 kacal yake kudu da Ikwaita, ga ƙanƙara a kansa. Layukan suna gaya maka yadda rana za ta sauka ne, sauran bayanin sai ka tambayi teku da tsauni da iska. Af, kuma ga wata ta shiga gasar kacici-kacici: Afirka ce kaɗai nahiyar da Ikwaita da Kansa da Kafrikon duk suka ratsa ta.

Ɗan tarihi kaɗan, don ku san ilimin nan ba jiya aka fara shi ba. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, akwai wani masani Bagirke a Iskandariyya ta Masar, Iratostinis, shugaban babban ɗakin karatun birnin. Ya samu labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, wanda yake dab da Layin Kansa, akwai ranar da rana take haska har ƙasan rijiya da tsakar rana, babu inuwa. A irin wannan ranar ya auna inuwa a Iskandariyya, ya samu rana ta karkace da kusan digiri 7 da ɗigo 2, wato kashi ɗaya cikin 50 na da'ira. Sai ya ce ashe nisan garuruwan nan biyu kashi ɗaya ne cikin 50 na kewayen duniya. Nisan kusan kilomita 800 ne. Ku ninka sau 50, ku ga: 40,000. Kewayen duniya ke nan kamar yadda aka sani a yau. Da sanda da inuwa da tunani.

Musulmi ma sun yi nasu. A zamanin Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, wajen shekara ta 830, masana taurari a Bagadaza sun sake auna karkatar nan. Bayansu Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raƙƙa ta ƙasar Sham, ya samu digiri 23 da minti 35. A yau awon yana nuna 23 da minti 26. Kada ku yi saurin cewa kuskure ne gaba ɗaya. Karkatar ce da kanta take raguwa. Tana kai-komo tsakanin kusan digiri 22 da 24 da rabi a cikin shekara 41,000, kuma yanzu tana kan raguwa ne. Saboda haka Layin Kansa yana matsowa kudu da kusan mita 15 duk shekara, Kafrikon kuma yana matsowa arewa. A jihar Tamaulipas ta ƙasar Meziko akwai wata hanya da aka jera alamomi a gefenta, kowace da shekararta, ana nuna inda layin ya koma.

Irin waɗannan sauye-sauye masu tafiyar hawainiya, na karkata da lilon duniya, su ne suka sa a tsakanin kusan shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina take kutsawa can cikin Sahara. Tafkin Chadi ya kasance makeken ruwa, ninkin na yanzu sau da yawa. A Dabous, arewa da Agadas, har yau akwai zanen raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yanzu raƙumin dawa ba zai rayu ba. Sai dai kada wani ya fake da wannan ya ce kwararowar hamada da muke gani yau laifin layi ne. Mita 15 a shekara ba ita ta sare itatuwan dajin garinku ba, kuma ɗumamar yanayin da ake fama da ita yanzu cikin 'yan shekaru take gudu, ba dubbai ba.

Kafin mu rufe, ga amfani biyu na yau da kullum. Masu saka sola, tunda a mafi yawan shekara rana tana ɗan kudu da mu, farantan su kalli kudu, a ɗan kwantar da su kamar digiri 10 zuwa 15, ba a miƙe su kamar yadda ake gani a hotunan Turai ba. Su can rana ƙasa-ƙasa take bi, mu a sama take. 'Yar karkatar kuma tana taimaka wa ruwan sama ya wanke ƙura. Masu gini kuma, bangon gabas da na yamma su ne suke shan rana, musamman na yamma da la'asar. Idan da hali, manyan tagogi su kalli arewa ko kudu, a ɗan fito da rufi ya yi musu inuwa. Ɗakin zai fi sanyi ko babu wuta.

Ga aikin gida. Ka nemi sanda miƙaƙƙiya, ka kafa ta a wurin da ba za a taɓa ba. Sau ɗaya a mako, da tsakar rana, ka sa alama a ƙarshen inuwarta, ka rubuta kwanan wata da tsawon. Idan kana da ƙanne ko ɗalibai, ka sa su a ciki, su za su fi ka ɗoki. Duk wanda ya kama ranar da inuwa ta ɓace a garinsu, ya ɗauki hoto ya turo mana da sunan garin da kwanan watan, mu jera su daga kudu zuwa arewa mu ga tafiyar da idonmu. Kuma ku sa ƙararrawa a waya saboda 28 ga Mayu, ƙarfe 10:18 na safe.

A nan za mu dakata. Wanda ya amfana ya tura wa wani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum warahmatullah.